An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya soke tsarin koyar da yara da harshen uwa wanda gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2022, wai don shi ne ke kayar da ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. To, mu marubuta ba mu yarda ba, domin kuwa maganin da ba a sha ba, ba a ce shi ya kashe majinyaci.

Tun 1977 Manufar Ilmi ta Ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshensa ko harshen garin da yake zaune. A ina aka cika wannan alkawari? Mai shakka ya leƙa firamarorin Samaru da Sabon Gari. Littafin lissafi da na kimiyya duk da Turanci suke, yaro ya haddace kamar aku, a wasu makarantun ma har tara ake cinsa in ya kuskura ya yi Hausa.

A aji guda za ka tarar da ɗan malamin jami'a da ya tashi da Turanci a gida, da ɗan mai shago a kasuwar Sabon Gari da ya iya buroka, da ɗan manomi daga Bomo wanda Hausa kaɗai yake ji. Ba a auna abin da kowa ya zo da shi, sai ƙarshen zango a miƙa musu takarda iri ɗaya. Yaron da ke ba da canji a kasuwa ba ya kuskure ya ci sifili a lissafi don bai gane tambayar ba, a rubuta masa daƙiƙi. Jama'a, lissafi aka auna ko Turanci?

Masu koyarwar fa? A 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 cikin kimanin 33,000 sun kasa cin jarrabawar 'yan aji huɗu. Mun san an yi ja-in-ja a kan yadda aka yi gwajin, amma ko kusa ba Hausa ce ta kayar da su ba.

Kuma ba yau aka fara gwadawa ba. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci koyar da yara da Yarabanci shekara shida a Ife, Turanci yana darasi mai zaman kansa a hannun ƙwararru, yaran kuwa ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba.

Kada a ce muna ƙin Turanci. Muna so 'ya'yanmu su iya shi, ba su haddace shi ba. Saboda haka a gwada kowane yaro da baka ran da ya shigo makaranta, a ware wa masu rauni lokaci da malami na musamman, a kuma raba makin harshe da makin darasi. Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana nan cikin Samaru. Ta fito ta horar da malaman maƙwabtanta.

Mu ma akwai namu. Garin da aka kafa Kamfanin Gaskiya bai kamata yaransa su rasa ƙananan littattafai na Hausa da Turanci masu araha ba. Mu ɗauki alƙalami tun icen yana ɗanye. Allah ya sa mu dace, amin.