Waƙar Da 'Yarki Take Rerawa, Kin San Fassararta?

Ran nan ina duba littattafan 'yan ajina lokacin tara, sai na ji wata yarinya tana rera waƙar Turanci tana kaɗa tebur. Na ce, "Ke, me waƙar nan take cewa?" Ta ce, "Wallahi Malama, kiɗan ne kawai ya yi mini daɗi." Ashe waƙar wani mawaƙin Amurka ce, Lil Nas X, wadda ya fitar a 2021 ya sa mata sunansa na yanka, Montero.

A hoton waƙar an nuna shi cikin lambun Aljanna tare da maciji, aka yi masa shari'a, daga nan ya gangara wuta ya iske Shaiɗan. Limaman coci suka yi ca a kansa. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, yaron nan da zuwa coci ya tashi, mahaifinsa ma mawaƙin coci ne. A 2019 ya fito fili ya ce shi maza 'yan'uwansa yake so, a 2021 kuma ya ce ya ƙare ƙuruciyarsa yana ƙin kansa saboda wa'azin da ya yi ta ji cewa irinsa wuta za su. To kun ji inda wutar ta samo asali. An ce masa can za shi, shi kuwa ya ce ga shi ya tafi da ƙafarsa, kowa ya gani.

Ba shi ya fara ba. A 1989 Madonna, wadda ta tashi a gidan 'yan Katolika, ta yi rawa gaban gicciye masu cin wuta a hoton waƙarta Like a Prayer, har fadar Paparoma ta yi Allah wadai, kamfanin Pepsi ya janye tallar da ya yi da ita. A 2013 kuma Hozier, mutumin Ayalan, ya yi Take Me to Church yana sukar cocin ƙasarsu, hoton waƙar kuwa ya nuna 'yan daba suna farautar wani saurayi don yana son namiji.

Ni dai ban ga dacewar a yi wasa da abin da wasu suke girmamawa ba, hotunan nan kuma ba na 'yar makaranta ba ne. Amma ban yarda da masu cewa mawaƙan nan ba su san addini ba. Sun san shi sarai, da harshensa aka raine su, da shi aka tsorata su, shi ya sa da shi suke mai da martani. Mu ma ai mun ga aron, sai dai namu juye yake: masu bandiri a Kano sukan ɗauki karin waƙar fim ɗin Indiya su yi begen Annabi da shi.

Saboda haka, uwargida, ƙwace waya da zagi ba za su yi magani ba, gobe za ta ji a wurin ƙawarta. Zaunar da ita ki ce ta fassara miki. Ni abin da na yi ke nan, na ba yarinyar ƙamus na ce ta rubuto mini ma'anar da Hausa. Ranar Litinin ta kawo rabi, kanta a sunkuye, ta ce sauran ba za ta iya rubutawa in karanta ba.