Hayaƙin jirgi ya san gaɓar da yake tsoro

Yawancin manyan jiragen dakon kaya, irin masu jibge kwantenoni a Apapa, baƙin mai suke sha, wato tukar da ke saura bayan matata ta kwashe fetur da kananzir da gas. Kauri gare shi kamar kwalta, sai an ɗumama shi kafin ya bi bututu. Hayaƙinsa na ɗauke da sinadarin salfa mai tayar da asma da lalata huhu.

Ranar 1 ga Janairun 2020 hukumar IMO, mai kula da sufurin teku daga Landan, ta rage salfar da aka yarda da ita a man jirgi daga kashi 3.5 cikin ɗari zuwa 0.5. Madalla da wannan. Sai dai akwai 'yan gata. A tekun Baltik da Tekun Arewa da gaɓar Amurka da Kanada, 0.1 ake bi tun 2015, Bahar Rum ma ta shiga sahu a watan Mayun 2025. Mashigin tekun Gini fa? Babu shi a ciki.

Ga yadda abin ke kasancewa. Jirgi ya taso daga Rotterdam da mai mai tsabta, mai tsada. Da ya fita yankin da ake sa ido, injiniya ya murɗa bawul, ya koma tankin mai arha. Ya iso Legas da Kwatano yana da damar ƙona mai da salfarsa ta ninka ta can har sau biyar, kuma bai karya doka ba. Ɗan dako da direban tirela su ke shaƙa.

Wasu masu jiragen ma dabara suka yi: suka sa na'urar da ke wanke hayaƙi da ruwan teku, sannan ta mayar da dauɗar cikin tekun. Singafo ta haramta zubar da wannan ruwa a tasharta.

Na san za a ce in aka tilasta 0.1 a gaɓarmu, kuɗin dako zai tashi, ɗan kasuwar Kwari ya ɗora wa mai saye. Zai tashi, ban musa ba. Amma kuɗin maganin asma ma daga aljihun talaka yake fita, ba ya dai cikin takardar kwastam.

Ƙasashen Bahar Rum su suka haɗa kai suka kai buƙatar shiga sahun 0.1 gaban IMO. Me ya hana Najeriya da Benin da Togo da Ghana su rubuta tasu?