Kafin Ku Ce Kwamfutar Yara Ta Mutu



Gidaje da dama sun sayi kwamfutar tebur ta hannu, irin su Dell da HP, domin yara su saba da ita kafin jarrabawar JAMB. Wata rana sai a kunna ta, fanka na juyawa amma fuskar baƙi ƙirin. Kada ku yi saurin cewa kuɗinku sun tafi. Sau da yawa maganin yana jikin wani ɗan murfin roba da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Masu gyara na ce masa jamfa, amma ba irin wadda maigida ke sawa ba.

Jamfa tana zaune a kan babban allon da ke cikin akwatin, tana haɗa fil biyu na ƙarfe. Akwai ƙaramar manhaja mai suna BIOS da ke tashin kwamfuta tun kafin Windows, kuma batiri mai kama da kwabo, CR2032, shi ke riƙe saitinta. Idan saitin ya rikice, jamfa ce ke goge shi.

Ku zare wayar wuta daga bango, ku taɓa ƙarfen akwatin domin lantarkin jikinku ya fita. Kusa da batirin ku nemi fil uku da aka rubuta CLR_CMOS, CLRTC ko JBAT1. Murfin yana kan fil na 1 da na 2. Ku mayar da shi kan 2 da 3, ku ƙirga daƙiƙa 10, ku dawo da shi mazauninsa, sannan ku kunna ku gyara kwanan wata. Hotunan biki da takardun makaranta suna nan, wannan aikin ba ya taɓa su.

Sake rubuta BIOS ɗin kanta kuwa wani abu ne daban. A allunan Intel na da, cire jamfar BIOS gaba ɗaya ke sa kwamfuta ta ɗauko sabuwar manhaja daga filas. A nan haɗarin yake. Yadda ba ma ƙara wa majinyaci jini sai mun tabbatar da rukuninsa, haka ba a saka fayil sai wanda kamfanin ya fitar domin ainihin lambar allonku. Idan kuma aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutun, kwamfutar na iya ƙin tashi kwata-kwata, sai an kai ta wurin mai na'urar rubuta BIOS ko an sauya allo.

Saboda haka goge saiti ku yi a gida, littafin allon yana gabanku. Sake rubutu kuwa sai da inbata ko UPS mai cikakken caji, kuma sai in akwai matsalar da sabon fayil ɗin zai warware. Kwamfutar da ke aiki lafiya a bar ta, ba a yi wa mai lafiya tiyata.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.