Wasiƙa ga Masu Sayar da Firiza da Gyaranta: Batun Gareji Mai Sanyi



Firizar da aka girke a gareji ko ɗakin ajiya marar ɗumi, a ƙasashe irin su Ingila da Kanada, tana iya narkar da nama a tsakiyar hunturu. Mai saye yakan ɗauka sanyin waje taimako ne gare ta, alhali sau da yawa shi ne matsalar.

Kowace na'ura tana da ajin yanayi, rubuce a takardar da aka manna a cikinta ko a bayanta. Ajin SN yana aiki daga digiri 10 zuwa 32, N daga 16 zuwa 32, ST daga 16 zuwa 38, T kuma daga 16 zuwa 43. Babu wanda ya sauka ƙasa da 10, gareji kuwa a Ingila yakan kusanci sifili a watan Janairu. A Kanada abin ya wuce nan.

Inda aka fi yin asara shi ne firiji mai hawa biyu, wanda kwamfiresa ɗaya da tamostat ɗaya ke tafiyar da shi. Tamostat ɗin yana ɓangaren firiji, inda ake son kusan digiri 4. Da garejin ya yi sanyin haka, sai tamostat ɗin ya ga aiki ya cika, kwamfiresa ta kwanta. Ɓangaren ƙanƙara kuwa digiri 18 ƙasa da sifili yake bukata, don haka sai ya riƙa ɗumi a hankali. Mai gida ya buɗe, fitila na ci, amma kaza ta yi laushi, ruwan jini ya taru a gindin leda. Nan take zai ce gas ya ƙare. Mai gyaran da ya ɗura gas a nan ya karɓi kuɗi a banza, domin na'urar lafiyarta ƙalau.

Firiza zalla ta fi dacewa, tunda tamostat ɗinta cikinta yake aunawa. Ita ma sanyi yana sa man kwamfiresa ya yi kauri, tashi ya yi wuya, kuma a mai narkar da ƙanƙara da kanta bututun fitar ruwa yana iya daskarewa. Shi ya sa mai murfi a sama, wadda ake kankare wa ƙanƙara da hannu, ta fi jurewa. Kamfanin Beko yana da firizoji da ya lamunce wa aiki har digiri 15 ƙasa da sifili, a Amurka kuma akwai waɗanda ake ƙerawa musamman don gareji. Wadda aka ajiye a sanyin da ya wuce ajinta tana iya rasa garanti.

Wajen girkawa, a ɗaga ta daga ƙasa mai danshi saboda tsatsa, a bar sarari a bayanta, a jona ta kai tsaye da soket ɗin bango.

Takardar ajin yanayin nan tana da amfani a Kano da Maraɗi ma, ta ɗaya gefen: firizar gwanjo mai ajin N iyakarta digiri 32, zafin Afrilu kuwa yana haura 40. Don haka kafin a yi ciniki, mai sayarwa ya tambayi inda za a ajiye ta, ya kuma nuna wa mai saye harafin da ke jikin takardar.