Wa Zai Ƙirga Mana Giwayen Yankari da Hausa?

Mun san akwai waɗanda za su ga kan maganar wannan makon su ce me ya haɗa zauren adabi da kwas ɗin binciken namun daji. To a yi haƙuri a karanta, don laifin da za mu faɗa har da mu a ciki.

Mu ne masu sa zaki ya yi ruri a babi na uku, kura ta yi kuka a bayan gari, jarumi ya shaƙe damisa da hannu. Amma mu nawa ne a zauren nan za su iya bambance gwanki da kanki, ko mazo da gada? Sau nawa aka ɗora hoton dabbar nan mai zāne-zāne ta ƙasar Indiya a bangon littafi aka ce damisa ce, alhali ba ta taɓa zama a dajin Afirka ba? Damisarmu ɗigo-ɗigo gare ta. Kakanninmu da suka ba mu tatsuniya sun san dabbar da suke magana a kanta, mu kuwa sunan kawai muka gada.

Ilimin da muke gudu kuma ba nesa yake ba. Akwai kwalejin horar da ma'aikatan namun daji ta tarayya a New Bussa, jihar Neja. Akwai makarantar Garwa a Kamaru da aka buɗe a 1970. A Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a dajin Amurum, wadda ke ba da digiri na biyu tare da Jami'ar Jos. Abin da ake koyarwa a irin waɗannan wurare ba tsafi ba ne. Giwa a cikin kurmi ba ta ƙirguwa da ido, don haka ake bin miƙaƙƙen layi da ƙafa, ana ƙirga tulin kashinta, ana auna nisan kowane tuli da layin, sannan a haɗa da lissafin sau nawa take kashi a yini da kwana nawa kashin ke yi kafin ya ruɓe. Dabbar da ba ta fita sai dare ana ɗaure mata kyamara a jikin bishiya, da ta gifta hoto ya ɗauku. Tsuntsu a kama shi da raga, a sa masa zobe mai lamba a ƙafa, a sake shi. In an sake kama shi a Turai an san hanyar da ya bi. A Kure ta Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawa da suka rage kusan 50 a 1996 sun haura 600 daga baya, kuma an iya faɗin haka ne saboda kowanne an ɗauki hotonsa an san shi da zanen jikinsa, kamar yadda Bafulatani ya san shanunsa ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu ga inda ranmu ke ɓaci. Duk wannan aiki da Turanci ko Faransanci ake koyar da shi, da su ake rubuta sakamakon, a ajiye a kabad ko a tura mujallar da ba mai karantawa a Alkaleri. Manomin da giwa ta tattake masa dawa a bakin Yankari shi ne na ƙarshe da zai ji abin da aka gano game da giwar. Tsohon maharbin da ya iya ɗaura kan burtu ya lallaɓa har kusa da barewa, wanda zai dubi sawu ya ce maka na jiya ne ko na ɗazu, shi ɗan jagora ne kawai, a sallame shi da yamma, sunansa ba ya cikin rahoto. Ba ma maganar bitar kwana uku a ɗakin taron otal, inda ake koyon ƙirga dabba a jikin allo, a ci shinkafa, a karɓi takardar shaida da kuɗin mota. Wanda ƙaya ba ta taɓa shiga takalminsa ba, wane daji zai tsare?

Za a ce mana Hausa ba ta da kalmomin kimiyya. Wannan magana mun gaji da ita. Harshen da ya raba shamuwa da zalɓe da balbela da gauraka, ya kuma san zuwan shamuwa alamar damina ce, ba zai kāsa faɗin "bin layi" ko "kyamarar tarko" ba. Abin da ya ɓace shi ne mai zama ya rubuta. Masanin yana ganin rubutun Hausa ba zai ƙara masa matsayi a jami'a ba, mu kuma muna ganin in ba soyayya ba ce ba mai saye. A tsakanin nan ungulu ta yi ƙaranci a mahautan da dā take cika su, kuma har yau ba mu ga gajeren labari ɗaya a zauren nan da ya tambayi ina ta tafi ba.

Ba mu ce kowa ya bar alƙalami ya koma gandun daji ba. Amma Yankari tana nan tun 1956, Dagona tana nan a dausayin Haɗeja da Nguru, kuma ana haɗa taswirar tsuntsayen Najeriya da taimakon 'yan sa kai, waɗanda abin da suke buƙata ido ne da waya. Marubucin da zai kwana bakwai yana neman sunan da zai raɗa wa jarumarsa zai iya ba da yini guda ya bi masu wannan aiki. Masu shirya kwas kuma muna roƙonsu su bar kujera biyu, ɗaya ta maharbi, ɗaya ta mai rubutu da Hausa, su kuma fitar da taƙaitaccen sakamakonsu da harshen da ƙauyen ke ji, ko da shafi biyu ne da za a karanta a rediyo.

Aikin wannan makon: kowa ya nemi dattijon maharbi ko makiyayi a garinsu, ya karɓo sunayen dabbobi ko tsuntsaye biyar da aka daina gani, da shekarar da ya yi musu ganin ƙarshe in zai iya tunawa. A rubuto da sunan garin, don mu ga ko abin da Hausar Katsina ke kira da wani suna shi ne Hausar Damagaram ke kira da wani.