Harouna Doula: Me ya sa Nijar ke mantawa da kocinta na gida idan ta isa babban fili?

Tun daga shekarar 2013 rabon ƙungiyar Mena ta Nijar da shiga gasar cin kofin nahiyar Afirka. A tsawon wannan lokaci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, ta miƙa babbar ƙungiyar ga masu horaswa daga waje ɗaya bayan ɗaya: François Zahoui ɗan Cote d'Ivoire, Faransawa Jean-Guy Wallemme da Jean-Michel Cavalli, sai Badou Zaki ɗan Maroko. Amma idan aka duba manyan nasarorin da ƙasar ta samu a ƙwallo, sunan ɗan gida ne ya fi fitowa, wato Harouna Doula Gabde.

Doula ne ya kai Mena gasar nahiyar karo na farko a tarihinta, wadda aka yi a Gabon da Equatorial Guinea a 2012. Rukunin share fagen ya ƙunshi Masar, wadda ta ɗauki kofin sau uku a jere, da Afirka ta Kudu da Saliyo. A watan Oktoban 2010 Nijar ta doke Masar da ci 1 da nema a Yamai, Moussa Maâzou ne ya zura ƙwallon. Daga nan ta casa Saliyo 3-1, ta kuma doke Afirka ta Kudu 2-1. An kammala da ƙasashe uku masu maki 9, kuma sakamakon karawar da suka yi tsakaninsu ya ba Nijar tikiti, yayin da 'yan wasan Afirka ta Kudu ke rawar murna bisa kuskuren fahimtar doka. A ƙarshen 2011 hukumar CAF ta zaɓi Doula a matsayin kocin da ya fi kowa a Afirka.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba da darasi. Kafin gasar aka kawo Bafaranshe Rolland Courbis a matsayin mai ba da shawara. Da Gabon ta ci Nijar 2-0 a wasan farko, sai aka janye ragamar daga hannun Doula aka ba Courbis. Sauyin bai hana Tunisiya da Maroko cin Mena ba, aka dawo gida babu maki ko ɗaya. Wanda ya yi noman, shi aka ture gefe ranar girbi.

Shekaru goma sha ɗaya bayan haka Doula ya sake nuna abin da ya iya, a gasar CHAN ta 'yan wasan da ke taka leda a cikin ƙasashensu, wadda aka buga a Aljeriya a farkon 2023. Nijar ta doke Kamaru 1-0, ta fitar da Ghana da ci 2-0, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ta ƙare a matsayi na huɗu.

Wannan ba ya nufin aikinsa ba shi da aibi. A share fagen 2012 Mena ta sha kashi a dukkan wasanni ukun da ta buga a waje, kuma Aljeriya ta zura mata ƙwallo 5 a wasan kusa da na ƙarshe na CHAN. Su ma baƙin sun taka rawa: Gernot Rohr ne ya jagoranci ƙungiyar zuwa gasar 2013, kuma a ƙarƙashin Zaki ta doke Ghana 2-1 a Accra cikin Nuwamban 2024. Sai dai ƙarfin Doula yana wurin da baƙo ba ya saurin kaiwa: sanin 'yan wasan gida, harsunansu da halin da suka taso a ciki.

A nan ne batun ya shafi garuruwa irin su Guéchémé da ke gundumar Tibiri a jihar Dosso. Yaron da ke buga ƙwallo a filin rairayi bayan la'asar a Arewa ba zai taɓa haɗuwa da kocin ƙasa ba, sai idan akwai malamin wasanni ko mai horaswa na gari da ya gano shi, ya tura shi Dogon Dutsi ko Dosso, daga can zuwa ƙungiyoyin Yamai. Kokowar gargajiya ta riga ta nuna yadda ake yi. Ana fara zaɓe tun daga ƙasa har a kai gasar takobi, kuma ta wannan hanya jihar Dosso ta fito da Kadri Abdou, wanda aka fi sani da Issaka Issaka, da ya ɗauki takobin sau da dama.

Don haka tambayar da ke gaban FENIFOOT ta wuce sunan wanda zai zauna a kan bencin Mena. Nawa ake kashewa wajen horas da masu horaswa na cikin gida, idan aka kwatanta da albashin baƙo guda? Kuma idan wani ɗan ƙasa ya sake kai Nijar babbar gasa, za a bar shi ya ƙarasa aikinsa, ko kuwa za a maimaita abin da ya faru a Libreville?