Gargaɗin Bakin Mota

Ranar Lahadin da ta rage kwana kaɗan a buɗe makarantu, akwai wata kyakkyawar al'ada a ikkilisiyoyin Salaga da Yendi da Bawku. Bayan wa'azi sai a kira samari da 'yan matan da suka sami shiga kwaleji su fito gaba, fasto ko katikis ya ɗora masu hannu, a roƙi Ubangiji ya tsare su, ya sa su zama shaidunsa a inda za su. Jama'a su ce Amin da ƙarfi. Zumuntar mata kuma ta tara masu ɗan guzuri, sabulu da sukari da garin rogo da kwalbar shito.

Washegari da asuba, a tasha, bayan an ɗora akwatin ƙarfe da akwatin katako a kan mota, sai a yi wa'azi na biyu, wanda a kunne ake raɗa shi. Inna ko Kawu ya ja yaro gefe ya ce, “In ka isa, ka nemi 'yan garinmu ka manne masu. Kada ka ci abincin wanda ba ka san gidansu ba. Mutanen wuri kaza kuwa, ko sun yi maka fara'a, kada ka saki jiki da su.” Yaro ya ce to, mota ta tashi. Cikin wa'azin nan biyu, na biyun ne yake isa kwaleji tare da shi, gama na fari ga taro aka yi shi, na biyu kuwa daga bakin wadda ta haife shi ya fito.

Wannan gargaɗi na bakin mota kuskure ne, zunubi ne kuma, wanda ikkilisiya ta daɗe tana kawar da kai daga gare shi.

Kada wani ya yi tsammani iyayen nan wawaye ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A farkon shekarar 1994 gardama a kan kuɗin zabo a kasuwar Nakpayili, kusa da Bimbila, ta buɗe ƙofar yaƙi tsakanin Kwankwamba a gefe ɗaya, da Nanumba da Dagwamba da Gwanja a ɗaya gefen. Wutar ta kai ƙasar Yendi da ƙasar Salaga, ƙauyuka ɗarurruka suka ƙone, ƙiyasin da aka fi ambata kuma ya ce mutum 2,000 ko fiye suka rasa rayukansu, sai a 1996 aka sa hannu a kan yarjejeniyar sulhu a Kumasi. A Bawku rigimar sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ta samo asali tun ƙarshen shekarun 1950, tana lafawa tana tashi, ta sake tashi da zafi daga ƙarshen 2021, da dokar hana fita da harbe-harbe a kan hanyoyi. A watan Yuli na 2025 kuwa har cikin makarantun sakandare na Bawku da Nalerigu 'yan bindiga suka shiga suka kashe ɗalibai, aka rufe makarantun. Uwar da ta ji wannan labari, wa zai ce mata kada ta ji tsoro?

Ta ji tsoro, ba laifi. Ta gaya wa ɗanta hanyar da ba a bi da dare, da maganar da ba a yi a cikin mota, wannan hankali ne. Amma daga nan zuwa ce masa dukan 'ya'yan wata kabila abin gudu ne, akwai tazara mai nisa, a cikin tazarar nan kuwa ake ɓata yaro tun bai ajiye akwatinsa ba.

A dubi yadda makonnin fari suke a kwaleji. Yaron da bai taɓa kwana nesa da gida ba, ga shi a ɗaki ɗaya da mutum shida ko takwas, a kan gado mai hawa biyu. Ƙararrawa ce take tashe shi. Manyan ɗalibai suna aikensa ɗiban ruwa da wanki, waɗansu da wasa, waɗansu da mugunta. Abincin makaranta bai yi kama da tuwon uwarsa ba. Malami yana zuba Turanci da sauri, shi kuwa yana jin kunyar ɗaga hannu kada a yi wa harshensa dariya. Kuɗin da aka ɗaure masa a gefen zane ya ƙare kafin wata ya raba. A cikin wannan hali, wane ne zai taimake shi? 'Yan garinsu suna can wani gini, suna fama da nasu. Wanda zai ji yana rawar ɗari da tsakar dare ya raka shi wurin magani, wanda zai ara masa littafi, wanda zai ce “zo mu jiƙa gari” ranar da akwatinsa ya bushe, shi ne wanda yake kwana a gadon sama. Ba yaron ne ya zaɓe shi ba, magatakardan makaranta ne ya haɗa su. Mai yiwuwa kuwa ɗan kabilar nan ne da aka ambata a tasha.

To, sai yaro ya tsaya a tsakani. In ya karɓi garin, ya karya maganar uwarsa. In ya ƙi, ya kwana da yunwa, ya kuma ɓata wa mai kirki rai. Da yawa sukan ƙi. Sukan koyi cin abinci a ɓoye, da kulle akwati ko da za su zagaya ne kawai, da yin shiru in wancan ya shigo. Shekara huɗu mutum ya yi ta zama da wani kamar kaza da shaho, ya fito da digiri a hannu, zuciyarsa kuwa tana nan daidai girman da ya zo da ita. Iyaye su yi biki su ce ya gama karatu. Me ya gama? Ya iya tsara darasi da auna zafin jiki, amma abin da ba a iya koya masa a gida, watau zama da wanda ba nasa ba, an kai shi har bakin rijiyar an hana shi sha.

Abin ya fi ciwo in an tuna da wahalar da aka sha kafin a sami makarantun nan. Masu bishara na Metodis sun buɗe makarantar da ta zama Mfantsipim a bakin teku tun 1876. Arewacin ƙasar bai sami sakandare ta fari ba sai 1951 a Tamale, bayan shekara 75, gama gwamnatin Turawa ta fi son 'yan arewa su tafi kudu aikin ma'adinai da gonakin koko da ɗamarar soja. Kwalejin horon malamai ta Bagabaga a 1944 aka kafa ta, jami'a kuwa sai 1992 da aka kafa UDS. Yanzu ga kwalejin Gbewaa a Pusiga, ga ta ikkilisiyar E.P. a Bimbila, ga ta St. Vincent a Yendi, ga makarantun jinya a Kpembe kusa da Salaga da kuma a Bawku. Tun 2017 sakandare kyauta ce, tun 2018 kuma kwalejojin malamai suka koma ba da digiri na shekara huɗu. Kakanni sun yi marmarin ganin wannan rana. Ashe za a karɓi irin wannan baiwa a mai da ita wurin da kowace kabila take killace 'ya'yanta?

Za a ce, ai ƙungiyoyin 'yan gari suna da amfani. Labudda suna da shi. Su ne suke tarar baƙo a tasha, su nuna masa ofis, su haɗa kuɗin mota in an yi masa rasuwa. Ba wanda ya ce a rushe su. Amma ƙungiyar da ta zama ita ce dukan duniyar ɗalibi, da su zai ci, da su zai yi karatu, su za su gaya masa wanda zai zaɓa shugaban ɗalibai, wannan ta tashi daga taimako ta koma kurkuku. Abin kunyar kuwa shi ne cutar takan bi yara har cikin zumuntar ɗalibai masu bi. Ana raira waƙa ɗaya, ana karanta Littafi ɗaya, amma a duba yadda ake zama a kan benci, a duba yadda ake jefa ƙuri'a ranar zaɓen shugaban zumunta.

Akwai dattawa masu kafa hujja da Daniyel. Sukan ce, ai shi ma ɗalibi ne a baƙuwar ƙasa, ya kuwa ƙi cin abincinsu. Su koma su karanta sura ta fari da kyau. Abincin teburin sarki da ruwan inabinsa Daniyel ya ƙi, domin kada ya ƙazantar da kansa a gaban Allahnsa. Amma shekara uku ya yi yana koyon harshen Kaldiyawa da littattafansu, aka sa masa sunan Babila ya amsa, ya yi magana da shugaban fadawa da ladabi har ya sami tagomashi a wurinsa, daga baya kuma ya roƙa kada a hallaka masu hikimar Babila, mutanen da ba danginsa ba ne, ba kuwa masu bautar Allahnsa ba. Wanda yake so ya koya wa ɗansa halin Daniyel, ya ce masa ya guji giya, da satar jarrabawa, da fasikanci, da layun da ake sayarwa gab da jarrabawa. Garin rogon abokin ɗaki ba ya cikin wannan lissafi.

Labarin da ya dace da tashar mota yana cikin wasiƙar Bulus zuwa ga Galatiyawa, sura ta biyu. Bitrus yana Antakiya yana cin abinci tare da masu bi na al'ummai, lafiya lau. Da waɗansu suka zo daga Urushalima, watau 'yan garinsu, sai ya janye jikinsa don tsoron abin da za su ce, har Barnaba ma ya bi shi. Bulus bai ɗauki abin da sauƙi ba, bai ce ai maganar abinci ce kawai ba. A gaban kowa ya tsauta masa, gama ya ga bishara kanta ce ake musu a wurin cin tuwo. In manzon da ya shiga gidan Karniliyus ya sha tsautawa a kan wannan, ina ga dattijon ikkilisiya da yake koya wa yaro ɗan shekara goma sha tara ya yi haka da gangan?

Wai ma, shin jini ɗaya yana tsare mutum? Mutanen Yendi sun san amsar. A watan Maris na 2002 aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na Biyu da mutanensa da dama a fadarsa, rigimar kuwa tsakanin gidan Abudu da gidan Andani ce, zuriyar sarki ɗaya, harshe ɗaya. Sai a Janairun 2019 aka naɗa sabon Ya-Na, bayan dogon sulhu a hannun Sarkin Asante da Nayiri da Yagbonwura. A Pusiga kuma, inda kwalejin Gbewaa take, nan ne wurin tunawa da Na Gbewa, wanda sarautun Mamprusi da Dagwamba da Nanumba duka suke kai asalinsu gare shi. Mugunta ba ta tambayar asali, nagarta ma haka.

Sa'an nan a tuna da aikin da yaran nan suke koyo. Yawancinsu malamai ne da masu jinya da ungozoma. In sun gama, gwamnati ce za ta tura su, ba za ta tambayi Kawu ba. Malamin da ya yi shekara huɗu yana gudun Kwankwamba, ranar da aka ba shi aji cike da 'ya'yansu, da wace zuciya zai koyar? Yarinyar da aka hore ta kada ta taɓa ƙwaryar Mamprusi, ko ta Kusasi, in aka kawo mata mai naƙuda da ƙarfe biyun dare a asibitin Bawku, sunan mahaifi za ta fara tambaya? Jami'ar UDS ta gane wannan tun farko, shi ya sa takan haɗa ɗalibai daga sassa dabam dabam ta tura su ƙauye su zauna makonni tare da mutanen wurin. Makarantar gwamnati tana koya wa yara zama da baƙo, gidan masu bi yana warware koyarwar. Kaito.

Harshen da ake karanta wannan magana da shi ma shaida ne. Me ya kawo Hausa ƙasar Gwanja? Fataken goro ne daga Kano da Katsina, waɗanda suka yi tafiyar watanni suka sauka a Salaga a gidajen mutanen da ba su taɓa gani ba, suka ci abincinsu, suka ba su ajiyar dukiya. Kasuwar nan tana da nata baƙin tarihi na cinikin bayi, kada a ɓoye. Amma zango a kan karɓar baƙo aka gina shi. Ikkilisiyar da take sujada da Hausa a Bawku kuwa, don me take yin haka? Domin a kan bencinta akwai Bakusashe da Babusange da Bamoshe da Bafarafare, kowa da harshensa, Hausa ce ta tara su a gaban teburin Ubangiji. Mutanen da suke shan ƙoƙo ɗaya ran Lahadi, su ne kuma ran Litinin suke hana 'ya'yansu haɗa kwano.

Gyaran yana hannun masu ɗora hannu. Ranar addu'ar sallama, a tsai da iyaye su ma a gaba, a faɗi maganar a fili, da sunanta, kowa ya ji. Katikis ya rubuta wa faston makarantar cewa ga ɗanmu nan zuwa, a sa masa ido, domin uwa ta san akwai babba a kusa, tsoronta ya ragu. In ɗalibi ya dawo hutu, dattawa su daina tsayawa a kan “Yaya karatu?” kaɗai. Su tambaye shi sunan wanda yake kwana a gadon sama, da garinsu, da ko ya iya gaisuwa da harshensu. In ya amsa, su ce ya zo da shi hutun Kirsimati in hanya ta yi kyau. Ranar da suka sauko daga mota su biyu, Inna ce za ta kawo ruwan sha, ita da Kawu kuma su yanke shawara ko kwano ɗaya za a zuba masu tuwo ko biyu.